Hadarin Gabas a Idon Mai Zane da Idon Manomi



Shugaban wannan taro. Iyayenmu wakilan masarauta, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu da malaman da suka ɗauki nauyin shirya wannan zama. Manoma da 'yan kasuwa da suka baro harkokinsu. Ɗalibai maza da mata. Jama'ar Funtua da baƙinmu na Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da wannan gayyata.

Batun da aka ɗora mini shi ne aikin wasu masu zane na Turai da suka yi zamani daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, waɗanda masana tarihin zane ke kira 'yan Romantik. Mutane ne da suka karkata ga zanen dutse da teku da gajimare da gona, da nufin duk wanda ya tsaya gaban zanen ya ji abin da suka ji a zuciya: kaɗaici, ko begen gida, ko tsoro, ko natsuwa. Na hango wasu can baya suna murmushi, kuma na san tambayar da ke bakinsu: me ya haɗa manomin masara na Ɗandume da zanen wani Bajamushe da ya mutu tun 1840? Ku ba ni aron hankalinku. Abin da nake so in kafa shi ne, sararin sama ɗaya ne, amma abin da mutum zai ji in ya ɗaga kai ya dube shi ya danganta da inda ƙafarsa ke tsaye da abin da ya shuka a ƙarƙashinsa. Maganar tawa kashi biyar ce.

Na ɗaya: me ya mai da hankalinsu ga daji?

Kafin zamaninsu, a makarantun zane na Turai, zanen da ake girmamawa shi ne na labarin addini da yaƙe-yaƙe da manyan mutane. Itatuwa da tsaunuka cikon wuri ne kawai, a sa su bayan sarki don kada bangon ya zama fili. Sai duniyarsu ta girgiza. A 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa, yaƙe-yaƙen Napoleon suka biyo baya, a Ingila kuma masaƙun Manchester suka fara zuƙe mutanen ƙauye zuwa cikin hayaƙi. Don ɗalibai su riƙe lokacin: shekarun nan ne na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka soma a 1804. Wanda ya bar gonar ubansa ya koma ɗakin haya kusa da masaƙa, shi ne ya fara jin cewa gonar nan tana da wani abu ban da hatsi. Bege ya shigo, masu zane suka same shi a kasuwa.

Ga inda zaren ya biyo ta ƙofarmu. Masaƙun nan da suka kori Bature daga ƙauyensa, su ne yunwar auduga ta sa suka kafa kamfanin BCGA a 1902, wanda ya zo ya girka injinan gurza a Funtua da Malumfashi. Saboda auduga da gyaɗa aka ja layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Wani daga cikin masu zanen da za mu ambata, Turner, ya zana jirgin ƙasa a 1844 yana keta ruwan sama a kan gada, baƙi ƙirin, ga zomo yana gudu a gabansa, ga wani mai huɗa can gefe ɗan mitsitsi. Kakanninmu da suka tsaya da fartanya a hannu suka ga jirgin farko ya ratsa gonakinsu, sun san abin da wannan mai huɗa ya ji fiye da duk wani masanin zane.

Na biyu: Friedrich da mutumin da ya ba mu baya.

Caspar David Friedrich an haife shi a 1774 a Greifswald, bakin teku a arewacin Jamus, ya yi yawancin rayuwarsa a Dresden. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara bakwai. Yana ɗan shekara goma sha uku ɗan'uwansa ya nutse a gabansa, ƙanƙarar da ta daskare bisa ruwa ta fashe da shi. Ba na son a ce duk aikin mutum daga musiba ɗaya ya fito, amma wanda ya san wannan ba zai yi mamakin shirun da ke cikin zanensa ba.

Bari in siffanta muku ɗaya, wanda aka nuna a Berlin a 1810. Faɗinsa ya haura mita ɗaya da rabi. A ƙasa ɗan siririn yashi, sama da shi baƙin ruwan teku, sauran duka sararin sama ne, toka-toka, ba rana ba wata. A kan yashin mutum ɗaya tak, wani mai ibada cikin doguwar riga, ƙanƙane har sai ka matso za ka gan shi. Babu itace a gefe da ido zai jingina, babu hanya da za ta kai ka ciki. Da masu bincike suka haska zanen da na'ura, sai suka tarar ashe da farko ya zana jiragen ruwa a kan tekun, daga baya ya shafe su. Ku tsaya a nan. Me zai sa mai zane ya ɓata aikin da ya riga ya yi? Jirgi yana nufin akwai mutane, akwai tafiya, akwai mai zuwa ceto. Ya cire shi don kada mai kallo ya sami wurin fakewa. Ya bar ka kai kaɗai da girman abin da ba kai ka halitta ba.

Wanda ya fi shahara ya zana shi wajen 1818, yana Hamburg yanzu: mutum da sanda a hannu, tsaye kan tsinin dutse, ya ba mu baya, hazo ya rufe duk abin da ke ƙarƙashinsa sai kawunan duwatsu da ke leƙowa. Don me ya juya mana ƙeya? Da ya nuna fuskarsa, da mun tsaya karanta fuskar, mu ce yana murna ko yana baƙin ciki, mu wuce. Da ya ɓoye ta, sai ya tilasta mana mu tsaya inda ya tsaya, mu kawo abin da ke ranmu. Kuma wurin nan babu shi a duniya yadda ya zana shi. Duwatsu ne na wurare dabam-dabam da ya zazzana a littafinsa lokacin yawo, ya dawo ɗaki ya harhaɗa. Ke nan ba wuri yake nuna mana ba, hali yake nuna mana.

Wannan hali baƙo ne a gare mu? Wanda ya taɓa hawa ɗaya daga duwatsun da ke kewaye da garin nan da sassafe a watan Disamba, hunturu ya busa, hazo ya kwanta, ba ka ganin gidaje sai kan rimi da hasumiyar masallaci, kana jin carar zakara da ƙarar babur amma ba ka ganin inda suke fitowa, ya san shi. Mu sunan da muke ba shi tafakkuri, kuma Alƙur'ani ya yi ta kiran mu ga duban sama da ƙasa da saukar ruwa da rayuwar ƙasa bayan mutuwarta. Friedrich Kirista ne mai riƙo, kuma abin da yake nema a hazonsa bai yi nisa da wannan ba: mutum ya ga ƙanƙantarsa.

Tunda malamai suna zaune, bari in taɓo abin da na san yana ran wasu iyaye. Buhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da zanen hotuna yake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi game da masu rai, ya nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai. Fatawa taku ce, Allah ya gafarta malam, ba tawa ba. Abin da na lura kawai, cikin dukan nau'o'in zane, na itace da dutse da gajimare shi ne ƙofarsa ta fi buɗuwa a gare mu, kuma shi ne muka fi sakaci da shi.

Na uku, kuma nan zan fi daɗewa: Constable da gajimarensa.

John Constable, 1776 zuwa 1837, ɗan ƙauye ne daga East Bergholt a yankin Suffolk na Ingila. Ubansa mai injinan niƙa ne kuma ɗan kasuwar hatsi, irin mutumin da in da a nan yake da mun san rumfarsa a kasuwar Ɗandume. Constable bai taɓa fita Ingila ba. Abokan sana'arsa suna ta rububin zuwa Italiya da tsaunukan Suwizalan, shi ko ya nace wa kogin Stour da ya yi wasa a bakinsa yana yaro: rubabben katako, gansakuka a bango, kwalekwale, saniya a bakin ruwa. A 1821 da 1822 ya riƙa fita tudun Hampstead yana zana gajimare zalla, a bayan takardar ya rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ke kaɗowa. A ganinsa sama ce ke ɗauke da motsin zuciyar zane. Kuma rayuwarsa ta gaskata shi: bayan matarsa Maria ta rasu a 1828, samansa ta yi duhu, ya zana kangon wata tsohuwar ganuwa a Hadleigh ƙarƙashin gajimare masu yamutsi.

To, ga tambayata. Tsakanin Constable da dattijon da ya shekara hamsin yana noma a Ƙafur, wa ya fi iya karatun sama? Ni ban yi shakka ba. Dattijon nan zai dubi gabas da la'asar ya ce maka wannan hadarin iska ce kawai, wancan kuwa na ruwa ne, kafin isha zai sauka. Bambancin, shi karatunsa ba ya tsayawa a takarda, rumbunsa ne ke amsa sakamakon.

Ku ɗauki hadari ɗaya. Ƙarshen watan Mayu, zafin bazara ya gallabi kowa, an yi sharar gona, wasu sun yi binne. Gabas ta haɗe ta yi baƙi, cida tana gunji daga nesa, iska ta taso da ƙura da ledoji, mata suna rige-rigen kwashe shanya, awaki suna neman zaure. Ɗigon farko ya faɗi kan busasshiyar ƙasa, ƙamshin nan ya tashi. Magidanci yana tsaye bakin ƙofa, ruwa na feshin ƙafarsa, ba ya ko matsawa. Yanzu ku dawo da wannan hadarin, baƙinsa da cidarsa ba a rage komai ba, ku ajiye shi a ƙarshen Oktoba. Wake ya bushe a gona, auduga ta fashe ta yi fari fat, masara tana zube a masussuka. Magidancin nan dai, bakin ƙofar nan dai, ya ɗaga kai, gabansa ya faɗi. Ruwa ɗaya zai baƙanta waken, ya ɓata audugar ta faɗi daraja a fuloti. In mai zane ya zana gajimaren kaɗai, hoto ɗaya zai samu a watannin biyu. Sai ya sa abin da ke ƙasa, kunya sabuwar huɗa ko dami a tsaye, sannan mai kallo zai san ko murna ake ko fargaba. Wannan ilimi yana nan a kan kowane manomi da ke ɗakin nan, kuma ban san wanda ya zana shi ba.

Kada kuma mu ɗauka Constable ya faɗi duk gaskiya. Zanensa da ya fi suna, na amalanken ciyawa a cikin rafi, 1821, wanda ya sami lambar zinariya a Paris a 1824, a ɗakinsa na Landan ya zana shi. Komai lafiya lau, kare a bakin ruwa, hayaƙi na fita daga ɗan gida, masu yankan ciyawa kuwa can nesa, sai ka ƙura ido. Shekara guda bayan ya zana shi, 1822, 'yan ƙwadagon gona na Suffolk ɗin nan suna farfasa injinan sussuka suna cinna wa tarin hatsi wuta saboda yunwa da rashin aiki. Ɗan mai injin niƙa ya zana ƙauyen da yake bege, ɗan ƙwadago da zai zana wani dabam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu: tsoro, da wanda yake da halin jin daɗinsa.

Tun 1757 wani marubuci, Edmund Burke, ya raba abin da ke burge ido gida biyu. Akwai kyakkyawa mai kwantar da rai, kamar fure da lambu. Akwai kuma mai kwarjini, wanda girmansa ko duhunsa ko ƙarfinsa ke sa tsikar jiki ta tashi, kamar tsawa da teku da ƙololuwar tsauni. Amma ya kafa sharaɗi: wannan tsoro ba ya zama daɗi sai in haɗarin yana nesa da kai. J. M. W. Turner, ɗan wanzamin Landan, 1775 zuwa 1851, shi ne gwanin wannan fage. Guguwarsa tana juya ruwa da sama su cakuɗe har ka rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Attajirai kuwa suna kallo daga ɗaki mai ɗumi.

Sharaɗin Burke ya fi ma'ana a yankinmu yau fiye da yadda na so. Shekarun baya daji wurin itace ne da zuma da farauta da kiwo. Abin tsoronsa bai wuce kura da maciji da iskokin da ake cewa suna kan tsamiya ba. Yanzu ku tambayi mutumin Faskari ko Sabuwa abin da yake ji in ya hangi duhuwar itatuwa da yamma. Ku tambayi iyayen ɗalibai sama da 300 da aka kwashe daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020 aka shiga daji da su. Dawa ta yi tsawo a watan Satumba, da can abin alfahari ne, yau a wasu wuraren maɓoya ce. Itatuwan ba su sauya ba. Wanda zai zana dajin nan don ya burge masu kallo a Abuja da kwarjininsa, bai zana namu ba.

Turner kansa ya taɓa ƙetare wannan iyaka, kuma shi ya sa nake ganin girmansa. A 1840 ya nuna zanen jirgin bayi: rana na faɗuwa ja wur kamar jini, guguwa na tafe, a cikin ruwa hannaye da ƙafafu da sarƙoƙi, kifaye sun yi caa. Abin ya faru da gaske. A 1781 ma'aikatan jirgin Zong sun jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku don masu jirgin su karɓi kuɗin inshora. Duk kyan faɗuwar ranar nan, ba ka isa ka ce ta yi kyau ka wuce ba. Zanen yana Boston ta Amurka yanzu.

Na biyar: wa ya zana ƙasarmu?

A farkon 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina ya wuce Kano. Ya yaba ƙasar da ke tsakani, gonakinta da itatuwanta. Littafinsa ya fito juzu'i biyar a 1857 da 1858, da hotuna a ciki, har da Kano yadda ake hango ta daga Dutsen Dala. Amma Barth zayyana kawai ya yi a hanya. Wani mai zane a Munich, Johann Martin Bernatz, shi ya mai da su cikakkun hotuna, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hasken da ke cikinsu da yadda aka jera itatuwa, na makarantar da ya koya ne. Ta wannan ido Turai ta fara ganin mu.

Mu fa? Ba wai ba mu da ido ba. Gwanintarmu ta tafi ga dagi a bangon soro, da aska a wuyan riga, da zanen ƙwarya. Abin da muke ji game da ƙasa kuwa a baki muka zuba shi, cikin kirarin noma da gangar gayya da waƙa. Garin nan da Mamman Shata ya zauna ba ya bukatar a koya masa wannan. Amma ku shiga falon gidajenmu, ko shagon aski, ko wurin mai ɗaukar hoto. Me ke bango? Tsauni mai dusar ƙanƙara, ruwa mai gangarowa daga dutse, koren lambu na wata ƙasa da ba mu san sunanta ba. Ango da amarya 'yan Malumfashi, a bayansu Suwizalan! Yaron da ya tashi yana ganin haka, me zai ɗauka? Cewa kyan gani yana wani wuri, nan wurin wahala ne kawai.

Nan kusa da mu, a Zariya, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu a 1958 a kan wannan damuwa: a koyi dabarar Bature, a zana abin gida. Sashen koyar da zane yana nan har gobe a Jami'ar Ahmadu Bello. 'Ya'yanmu nawa muka tura?

Abin zanawa kuwa ba ya ƙarewa. Ga gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina lokacin da kowa ya yi kore, ya yi lif da rani lokacin da kowa ya bushe. Da Friedrich ya san wannan itace, ba na jin zai ƙyale shi. Ga ɗorawa ta rataye jajayen tutunta a bazara. Ga madatsar Mairuwa da asuba, ga fadamun rake na Ɗanja, ga ƙananan ƙoramun da Kogin Sakkwato ke somawa daga gare su a nan yankin Funtua, waɗanda yaro zai tsallake da ƙafa a rani. Ga kuma kututturan kaɗanya da ɗorawa da masu gawayi suka bari, waɗanda su ma ya kamata a zana, domin jikokinmu za su tambaya.

Roƙona ga malaman makarantu ƙarami ne, ba ya bukatar kasafin kuɗi. Fensir da takarda sun isa. Ku fita da yara bayan makaranta, ku zaɓi itace ɗaya da gona ɗaya, su zana a Mayu, su sake a lokacin marka, su sake da kaka, su sake da hunturu. A bayan kowace takarda su rubuta kwanan wata da inda iska ta kaɗo, sa'annan su ƙara abin da Constable bai rubuta ba: abin da mai gonar ya ce da ya dubi sama a ranar.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo, kuma kana da gaskiya.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu. Fili naku ne yanzu, mai tambaya ya ɗaga hannu. In shugaba ya yarda, a fara ba manoma dama, domin ni ma ina da tambayoyi gare su a kan hadarin gabas.